Gubar Rogo da Likitocin Badun: Tarihin Wani Bincike da Aka Yi a Maƙwabtanmu

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowar wani abu ne da ya faru da mutumin sahun masallacinmu bara. Wannan ɗan'uwa, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ya shekara shida da ciwon suga, yana zuwa asibiti yana karɓar magani, yana harkokinsa lafiya lau. Ran nan sai ga wata mota da lasifika a bakin kasuwa, ana tallar wani gari a gwangwani, wai wata jami'a a ƙasar waje ta yi bincike ta tabbatar yana wanke suga daga jiki kwata-kwata. Ya saya, ya ajiye ƙwayoyin asibiti. Bayan wata huɗu wani ɗan ƙurji a ƙafa ya zama gyambo, har ta kai an yanke masa yatsu biyu. Da na je duba shi, abin da ya ce mini shi ne, "Liman, ai cewa suka yi bincike ya tabbatar."

To wannan kalma ta bincike ita nake so mu zauna a kanta. Kowa yana ambatonta, mai tallar magani a mota, mai tura saƙo a WhatsApp, har mai wa'azi. Amma kaɗan ne cikinmu suka san yadda ake yin na gaskiyar. Ga shi kuwa a nan garin Badun, tafiyar ƙafa daga Sabo, an yi wani wanda duniya ta san da shi, kuma a kan abincin da muke ci kullum aka yi shi.

Yadda muka haɗu da rogo

Unguwar Sabo an kafa ta a 1916. Iyayenmu da kakanninmu sun sauko Kurmi ne bin sawun goro da shanu, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano. Mutanen gero da dawa ne, tuwo da fura da kunu. Da suka zauna, sai cimar ƙasar ta shigo tukunyarsu: sakwara, amala, alabo, teba, da garin da ake jiƙawa da rana. Yau yaron Sabo ya fi sanin teba da miyar ganye a kan tuwon dawa da miyar kuka.

Shi kansa rogon baƙo ne a Afirka. Asalinsa Kudancin Amurka, Turawan Fotugal ne suka kawo shi daga Birazil a ƙarni na 16. Dabarar gurza shi a matse a soya ya zama gari ta yaɗu a wannan yanki a ƙarni na 19, kuma 'yantattun bayi da suka dawo Ikko daga Birazil suna da hannu sosai a yaɗa ta. Rogo ya samu karɓuwa saboda yana jure fari, yana yi a ƙasar da ta gaji, kuma ana iya barinsa a ƙasa har sai an buƙace shi. A yau babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya.

Sai dai manomi ya daɗe da sanin cewa rogo iri biyu ne, mai zaƙi da mai ɗaci, kuma mai ɗacin yana bugarwa. Duk mai kiwo a unguwar nan ya san ba a ba tunkiya ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci sai an shanya shi. Dalili shi ne akwai wani sinadari a cikin rogo wanda idan an gurza ko an tauna yake sakin guba mai suna sayanayid. Ferewa, gurzawa, matsewa a buhu na wasu kwanaki har ya yi tsami, jiƙawa, shanyawa da suya, duk waɗannan su ne ke fitar da gubar. Matan da suka gaji wannan aiki ba su san sunan sinadarin ba, amma sun san kwana nawa buhu zai yi ƙarƙashin dutse.

Maganar da muke ji tun muna yara cewa yawan shan gari yana kashe ido ita ma tana da tushe a tarihi. A shekarun 1930 wani likita Bature mai suna Fitzgerald Moore ya ba da rahoton raunin gani a tsakanin ɗaliban makarantun kwana a kudancin Najeriya, waɗanda mafi yawan abincinsu gari ne, ya kuma danganta abin da ƙarancin sinadaran abinci. A 1936 wani likitan, Alfred Clark, ya nuna zarginsa a kan gubar da ke cikin rogon kanta. Zato ne kowannensu ya yi, ba a kai ga tabbatarwa ba.

Asibitin da ke maƙwabtaka da mu

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948, a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Da farko a asibitin Adeoyo ake koyar da ɗaliban likitanci, har aka gama ginin babban asibitin koyarwa na UCH a Orita Mefa, aka buɗe shi ranar 20 ga Nuwamba, 1957, da gadaje 500. A 1962 jami'ar ta tsaya da ƙafarta. Asibitin koyarwa aikinsa uku ne: jinya, koyarwa, da bincike. Mu na farkon kawai muke gani idan mun kai mara lafiya.

Cikin likitocin farko da wannan wuri ya yaye akwai Benjamin Oluwakayode Osuntokun, haifaffen Okemesi ta ƙasar Ekiti a 1935. Ya ƙware a ciwon jijiya da ƙwaƙwalwa, daga baya ya shugabanci asibitin, ya rasu a 1995. Ban da waɗanda wurin ya yaye, akwai kuma Gottlieb Monekosso, mutumin Kamaru da ya yi aiki a Najeriya, wanda daga baya ya zama shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka. Waɗannan biyun su ne ginshiƙin labarinmu.

Tun ƙarshen shekarun 1950 likitoci ke lura da wani ciwo a yankin Epe da ƙasar Ijebu. Yakan fara da zafi ko dindiris a tafin ƙafa, sai mutum ya daina jin ƙasar da yake takawa. Tafiya ta koma tangaɗi, ana buɗe ƙafafu ana doka su da ƙarfi, kuma abin ya fi tsanani da dare, saboda da rana ido yana taimakon ƙafa. Wasu ganinsu ya ragu, wasu kunne ya toshe, wasu baki da harshe su yi miki. Mafi yawansu talakawa ne, masu matsakaitan shekaru zuwa sama. Ku ɗauka a unguwarmu ne aka ga haka, me za a ce? Wani ya ce sammu, wani ya ce ya taka sawun aljani, wani ya ce gadon gidansu ne.

Osuntokun bai tsaya ga faɗa ba. Ya riƙa duba marasa lafiyan ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta abin da suke ci, yana auna jininsu da fitsarinsu. Ga abin da yake nema: idan sayanayid kaɗan ya shiga jiki, jiki yakan juya shi zuwa wani sinadari mai sauƙin illa da ake kira tayosayanet, ya fita ta fitsari. Saboda haka yawan tayosayanet a jini alama ce ta yawan gubar da mutum ya ci. Kuma jiki ba ya iya wannan juyi sai da taimakon abinci mai gina jiki, wato nama, kifi, ƙwai, wake da danginsu. Ya tarar marasa lafiyan nan jininsu cike yake da tayosayanet, abincinsu kuwa rogo ne safe, rana da dare. Idan an kwantar da su a asibiti an canza musu cima, sai awon ya sauka, idan sun koma gida ya sake hawa.

Ososa da Akinmorin

Amma wanda ya zo asibiti ba shi ne duka gari ba. Mai yiwuwa kowa a ƙasar yana cin rogo haka, masu ciwon da marasa shi. Don a warware wannan, Osuntokun da Monekosso da wani abokin aikinsu Bature, John Wilson, suka fita daga asibiti suka shiga ƙauye. Suka zaɓi garuruwa biyu na Yarbawa: Ososa kusa da Ijebu-Ode, inda rogo ne babban abinci, da Akinmorin kusa da Oyo, inda doya ta fi yawa. Suka duba mutanen wuraren biyu, masu ciwo da lafiyayyu, suka tambayi cimarsu, suka auna jininsu. A 1969 aka buga sakamakon a mujallar likitocin Birtaniya: ciwon ya yi yawa a Ososa, awon tayosayanet ma ya fi hawa a can, Akinmorin kuwa abin ya yi sauƙi ƙwarai.

Duk ɗan kasuwa zai gane hikimar wannan. Idan aka kawo maka wake aka ce ya fi kowanne kyau, ba za ka yarda ba sai ka ɗebo wani ka ajiye kusa da shi. Wannan ne mataki na farko na binciken gaskiya, dole a sami abin kwatantawa.

Gwajin da bai ba da abin da ake so ba

Yanzu ga inda labarin ya fi shafar ɗan'uwanmu mai gwangwani. Da aka gano alaƙar ciwon da gubar rogo, sai tunani ya tafi ga magani. Akwai wani nau'in bitamin B12 da aka san yana kama sayanayid ya ɗaure shi. Akwai kuma bitamin B2, wanda ƙarancinsa ke kawo mikin baki irin na waɗannan marasa lafiya. A hankalce, idan aka ba su waɗannan biyun da yawa ya kamata su samu sauƙi. Da ɗan talla ne, a nan zai tsaya, ya zuba su a kwalba ya hau mota da lasifika, kuma maganarsa za ta yi daɗin ji.

Likitocin Badun sai suka ce a gwada tukuna. Suka raba marasa lafiya rukuni-rukuni, wasu ana ba su bitamin ɗin, wasu ana ba su ƙwayar da ta yi kama da magani amma babu komai a cikinta. Mara lafiya bai san wacce yake sha ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba, sai an gama. Aka yi mako 24 ana yi, ana auna jikinsu da awon da ba ya bin son zuciya. A 1970 suka buga sakamakon: babu wani amfani da ya bayyana daga ko ɗaya cikin magungunan. Suka sake wani gwajin, suka haɗa da wani sinadari na gina jiki, aka buga a 1974, shi ma bai kawo waraka ba.

Wani zai ce, to me ya sa ake ɓoye wa mutum abin da yake sha, wannan ba yaudara ba ce? Amsa ita ce ana gaya wa mai shiga tun farko cewa zai iya faɗawa kowane rukuni, da yardarsa yake shiga. Dalilin ɓoyewar kuwa sanannen halin ɗan Adam ne. Idan mutum ya yarda da magani yakan ji sauƙi a ransa ko da ruwa aka ba shi. Ciwo da yawa kuma suna lafawa da kansu su dawo. Shi ma likita mutum ne, idan yana son maganinsa ya yi aiki, idonsa zai ga sauƙin da babu shi. Shi ya sa ake rufe idon duka biyun, kuma a irin wannan gwaji ƙuri'a ce ke raba mutane, don kada a zaɓi masu ƙarfi a zuba su a rukuni ɗaya.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne sun fito sun faɗa. Mutum ya yi shekaru yana gina magana, ya gwada maganin da maganar tasa ta nuna, bai yi aiki ba, ya rubuta da hannunsa cewa bai yi ba. A makarantar Islamiyya an karantar da mu yadda malaman hadisi ke bin sarkar masu ruwaya mutum bayan mutum, kuma idan sarkar ta yanke sai su ajiye ruwayar ko da lafazinta ya yi musu daɗi. Wanda ya tashi da wannan tarbiyya bai kamata ya sha wahalar gane aikin waɗannan likitoci ba.

Abin da gwajin ya koyar shi ne, jijiyar da ta riga ta lalace shekara da shekaru ƙwaya ba ta cika dawo da ita ba. Gyaran yana wurin buhun matsa rogo da kwanon abinci, tun kafin ciwo ya kama. Rigakafi ya fi magani.

Ilesha, inda bitamin ya yi aiki

Kada wani ya ɗauka ina cewa bitamin banza ne. Ga wani labarin daga ƙasar Ijesha. Shekaru da dama, duk damina wajen watan Yuli zuwa Satumba, sai a riƙa kawo mutane asibitin Ilesha jikinsu na karkarwa, ba sa iya tsayawa, harshe ya yi nauyi, sau da yawa jim kaɗan bayan cin abinci. Wani likitan jijiya na Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, Bola Adamolekun, ya lura cewa lokacin ciwon ya zo daidai da lokacin da ake sayar da wata tsutsar itace da mutanen yankin ke soyawa su sa a miya. Dangin tsutsar nan ce da ake samun zaren tsamiya daga gidanta, wanda Yarbawa ke kira sanyan. A 1993 ya buga zarginsa cewa tsutsar tana lalata bitamin B1 a jikin mutumin da dama bai da isasshe.

Shi ma bai tsaya ga zargi ba. Ya yi gwaji irin na Badun, wasu marasa lafiya aka ba su bitamin B1, wasu ƙwayar da babu komai, ido a rufe. A 1994 sakamako ya fito: waɗanda suka sami bitamin ɗin sun warware da sauri fiye da sauran. Daga baya masana a Japan suka tabbatar da cewa lallai akwai sinadarin da ke karya bitamin B1 a jikin tsutsar.

Kun ga, hanya ɗaya aka bi a Badun da Ilesha, amsa ta bambanta. Bitamin yana aiki idan jiki ya rasa shi kuma an gano wanne ne ya rasa. Ba wanda zai iya sanin haka daga kan mota da lasifika.

Abin da ya biyo baya

Maganar rogo ba ta ƙare a 1970 ba. A 1981 fari ya faɗa wa lardin Nampula na ƙasar Mozambik, amfanin gona ya ƙone sai rogo mai ɗaci, yunwa ta sa mutane suka riƙa ci ba tare da sun jira ya gama sarrafuwa ba. Mutum fiye da 1,000, mafi yawa mata da yara, ƙafafunsu suka sandare. Wannan wani ciwon ne dabam da ake kira konzo, wanda aka fara bayyana shi a Kwango tun shekarun 1930, amma tushensa ɗaya: rogon da aka yi wa gaggawa, da rashin abinci mai gina jiki. Wani likita ɗan Suwidin, Hans Rosling, yana cikin waɗanda suka bi diddigin wannan annoba. Shi ne kuma ya haɗu da likitocin Badun suka koma Ososa, suka buga a shekarar 2000 cewa ciwon tangaɗin yana nan bai gushe ba. Bayan nan wasu masana, ciki har da Adamolekun, suka kawo hujjar cewa ƙarancin bitamin B1 yana da hannu a ciwon na Ososa, ba gubar kaɗai ba. Har yau ana tattaunawa a kan rabon kowanne. Haka ilimi yake, na baya yana gyara na gaba, kuma duka ɓangarorin sun haɗu a kan cewa talauci da cin abu ɗaya kullum su ne gindin matsalar.

Akwai kuma maƙoƙo. Tayosayanet yana hana jiki amfani da sinadarin aidin yadda ya kamata, don haka inda ake cin rogo da yawa kuma aidin ya yi ƙaranci, kumburin wuya yakan yawaita. Tun farkon shekarun 1990 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Manyanmu za su shaida yadda ake yawan ganin mai maƙoƙo a da, da yadda ya ragu yanzu. A nan Badun kuma, cibiyar binciken noma ta IITA da ke hanyar Oyo, wadda aka kafa a 1967, ta haɗa hannu da cibiyar Umudike aka fitar da rogo mai launin rawaya mai ɗauke da sinadarin bitamin A a 2011. Garinsa rawaya ne ba tare da an zuba manja ba.

Ciwon zamaninmu

Mu a Sabo ba mu cika ganin ciwon Ososa ba, domin Allah ya hore mana nama da wake da gyaɗa da nono. Namu ciwon shi ne hawan jini da suga, kuma nan ma Badun na cikin tarihin. A 1997 masana daga Jami'ar Loyola ta Amurka tare da takwarorinsu na nan suka buga binciken mutum kusan 10,000, dukkansu baƙar fata masu asali da Afirka ta Yamma. Suka tarar masu hawan jini kashi 16 ne cikin 100 a Najeriya da Kamaru, kashi 26 a tsibiran Karibiyan, kashi 33 a Amurka. Tsatso ɗaya, amma ciwon yana hawa yadda ƙiba da cin gishiri ke hawa. Mu duba kanmu. Kakanninmu sun koro shanu da ƙafa, sun ɗauki huhun goro a ka. Mu kuwa daga gida sai kan babur, daga babur sai bencin shago, ga lemon kwalba, ga shayi mai cokali huɗu na suga, ga dunƙulen ɗanɗano biyar a tukunya ɗaya.

A 2002 aka buga wani babban gwaji da aka yi a Amurka da mutum 3,234 waɗanda suga ɗinsu ya hau amma bai kai ga ciwo ba. Aka raba su uku: rukuni ɗaya ƙwayar da babu komai, ɗaya maganin metformin, ɗaya kuma aka taimaka musu su rage nauyi da kamar kashi 7 cikin 100, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako, mafi yawa tafiya da sauri. Bayan kusan shekara uku, maganin ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin 100, gyaran cima da tafiya kuwa ya rage da kashi 58. Minti 150 a mako rabin awa ne kwana biyar, kamar mutum ya fita bayan Asuba ya kewaya wajen filin wasa na Adamasingba ya dawo. A lura da kyau, wannan rigakafi ne ga wanda bai kamu ba. Wanda ya riga ya kamu, tafiya da gyaran cima ƙari ne a kan maganinsa, ba sa maye gurbinsa.

Tsoronmu da haƙƙinmu

Na san abin da ke zuciyar wasu idan aka ce gwajin magani. Ba mu manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani sananne. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan rauni yana cikin abin da ya sa aka ƙi rigakafin shan inna a 2003, yara da dama suka nakasa a banza. Saboda haka tsoron yana da dalili, amma gudu ɗungurungum shi ma ya yi mana ɓarna.

Tun 2007 Najeriya tana da ƙa'idar bincike a kan ɗan Adam a rubuce. Idan masu bincike suka zo unguwa ko suka same ka a asibiti, haƙƙinka ne a yi maka bayani da harshen da kake ji, ka san wace jami'a ce, wane kwamitin ɗa'a ne ya amince, me za a yi da jininka, wace illa ke iya faruwa. Haƙƙinka ne ka ce a'a ba tare da an hana ka magani ba, kuma ko ka shiga kana iya fita. Mace ma ita za a tambaya da bakinta. Wanda ya ƙi amsa waɗannan tambayoyi, a sallame shi. Wanda ya amsa, a saurare shi, domin da mutanen Ososa da Akinmorin sun rufe ƙofa, da ba a san abin da aka sani ba.

Mai tallar gwangwani kuwa, idan ya ce bincike ya tabbatar, a tambaye shi: wace jami'a, a wace shekara, mutum nawa, da wa aka kwatanta? A duba jikin kwalbar. Da yawa cikin magungunan gargajiya da na ƙarin kuzari masu lambar NAFDAC, akwai rubutu ƙanana a jikinsu da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. A sa yaro ɗan boko ya karanta. Matambayi ba ya ɓata.

Ga iyayenmu mata masu cefane, gari abinci ne mai kyau idan an sarrafa shi yadda ya kamata, kada a ji tsoronsa. A sayi wanda ya kwana a matsa ya bushe sosai, a guji ɗanyen rogo mai ɗaci, a haɗa wa yara da gyaɗa ko ƙuli ko wake ko kifi, musamman almajirai da 'yan makarantar kwana da ke wuni a kan gari da ruwa. Masu hali a cikinmu, sadakar mudun wake ga tsangaya ta fi yadda muke zato.

Ɗan'uwanmu ya koma kan maganinsa, yana zuwa masallaci da sanda, kuma shi ya ba ni izinin ba da labarinsa ba tare da suna ba. Allah ya ba shi lafiya, ya ba dukkan marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana wannan unguwa.